Jirgin Sama a Ƙasar Manga: Tarihin Filin Difa da Yadda Ake Shimfiɗa Irinsa

Duk wanda ya taɓa barin Fulatari da nufin zuwa Yamai ta ƙasa ya san abin da ake kira nisa. Da fari sai ya keta rairayi har ya riski kwalta, sa'annan ya kama hanyar ƙasa mai lamba 1 ya miƙa yamma, ya wuce Gudumariya da Gure da Damagaram, ya wuce Maraɗi da Birnin Ƙonni da Dogon Dutsi da Dosso, kafin ya hango fitilun babban birni. Tsakanin Difa da Yamai tafiyar ta haura kilomita 1,300, wato yini guda da kwana a cikin mota, idan hanya ta yi kyau kuma ba a sami tangarɗa ba. Maiduguri da Njamena da Kano duk sun fi kusa da Difa a kan babban birnin ƙasarta. Wannan nisa shi ya ba filin jirgin sama na Difa matsayin da ya wuce girmansa, domin ta nan likita ke isowa, ta nan ake fitar da wanda ya ji rauni, ta nan kuma hukuma ke isa ga talakawanta a ranar da hanyar mota ta ƙi biyuwa. Amma tarihin jirgi a wannan yanki ya girmi filin, ya ma girmi Difa a matsayinta na babban gari.

Shekarun da jirgi ya fara giftawa

Kafin zuwan jirgi, hanyoyi biyu ne manya suka ratsa ƙasashen yammacin Tafkin Cadi. Ɗaya ita ce ta ayarin raƙuma, wadda ke tashi daga Barno ta bi ta Ngigmi da Agadem zuwa Bilma, daga can ta zarce Fezan. Ɗayar kuwa ta mahajjata ce, wadda ke dosar gabas ta Wadai da Darfur har bakin Bahar Maliya, tafiyar da kan ci shekaru, wasu ma su zauna a hanya su hayayyafa ba su dawo ba. Abin lura shi ne, da Turawa suka tashi zana hanyar jirgi, sawun mahajjatan nan suka bi, saboda garuruwa da rijiyoyin da ke kan wannan hanya su ne kaɗai wuraren da za a iya ajiye mai da ruwa.

A ƙarshen watan Oktoba na 1925 wasu jirage 3 na sojan saman Ingila, samfurin DH.9A, suka tashi daga Helwan a ƙasar Masar a ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham. Suka bi ta Hartum da Alfashir da Fort Lami, wato Njamena ta yau, suka yada zango a Maiduguri, suka sauka a Kano ranar 1 ga Nuwamba, a zamanin Sarkin Kano Usman. Babu wani filin jirgi da aka tanada musu a Kano, a filin sukuwar dawaki suka sauka. Faransawa su ma ba a bar su a baya ba. Tun a 1920 matuƙinsu Vuillemin ya ƙetare Sahara ta sama, a tafiyar da Janar Laperrine ya rasa ransa bayan jirgin da yake ciki ya ɓace ya faɗi a hamada. A ƙarshen 1933 shi wannan Vuillemin ya jagoranci jirage kusan 30 samfurin Potez 25 a wani zagaye na ƙasashen da Faransa ke mulka, suka sauka a Yamai da Damagaram da Fort Lami. Wanda duk ya duba taswira zai ga cewa babu yadda za a tashi daga Damagaram a nufi Fort Lami ba tare da an bi ta saman kwarin Komadugu ko gefensa ba. Ke nan makiyayan ƙasar Manga sun riga mazauna birane da yawa jin ƙarar jirgi. A watan Fabrairu na 1936 kamfanin Imperial Airways ya buɗe hanyar wasiƙu daga Hartum zuwa Kano ta Fort Lami da Maiduguri, daga nan jirgi ya tashi daga abin kallo ya zama abin da ake jira a ranar da aka sani.

Filin jirgi na wancan zamani bai wuce sarari shimfiɗaɗɗe ba. Akan nemi fage mai tauri kusa da bariki, a sare ƙaya da kututture, a rushe gidajen gara da suri, a cike ramukan gafiya, sa'annan a shata kusurwoyinsa da farar ƙasa domin matuƙi ya gane shi daga sama. In an ji ƙarar jirgi sai a hura wuta a zuba ɗanyen ganye, hayaƙin ya nuna wa matuƙi inda iska ta fuskanta. Da yake jiragen ƙanana ne, injinsu kuma ba abin dogaro ba, akan yi irin waɗannan filaye na ko-ta-kwana a jere a kan hanya, tazarar da ke tsakaninsu ba mai yawa ba. Ngigmi, wadda ita ce mazaunin kwamandan yanki a wancan lokaci, da Maine-Sorowa da Gure duk suna da ƙananan filaye na sauka.

Wa ya yi wannan aiki? Talakawa ne, da gatari da fartanya da kwando, a ƙarƙashin tsarin aikin tilas wanda bai kau ba sai da dokar Houphouët-Boigny ta 11 ga Afrilun 1946. Kwamanda ba ya zuwa gida gida neman ma'aikata. Wurin sarakunan kanto da sarakunan makiyaya yake aikawa, su kawo mutane, su kawo raƙuma da takarkarai na dakon kaya, su kuma tabbatar dabba ba ta kwana a fagen ba. Matsayi ne mai wuya, domin sarki yana tsakanin umarnin da ba ya iya ƙi da jama'ar da ba ya son ta watse, makiyayi kuwa in an matsa masa sai ya kwashe ya ƙetare kogi ya shiga ƙasar Ingilishi. Ana iya cewa tun daga wannan zamani maganar filin jirgi ta shiga cikin aikin sarauta, kuma har yau ba ta fita ba.

Yaƙin Hitila da iyakar kogi

Yaƙin Duniya na Biyu ya mai da wannan hanya ta zama jijiyar yaƙi. Da Bahar Rum ta zama mai haɗari ga jiragen ruwan Ingila, sai aka riƙa kawo jiragen yaƙi a cikin akwatuna zuwa Takoradi a ƙasar Gana ta yau, a harhaɗa su a can, a tuƙo su ta Ikko da Kano da Maiduguri da Fort Lami da Hartum har Alƙahira. An fara a watan Satumba na 1940, kafin a rufe babin kuwa jirage sama da 5,000 sun bi ta wannan hanya. Abin da ya sa ta yiwu shi ne matsayin da Gwamnan Cadi Félix Éboué ya ɗauka ranar 26 ga Agustan 1940 na bin Janar de Gaulle. Nijar kuwa ta zauna a hannun gwamnatin Vichy har zuwa Nuwamban 1942, saboda haka Komadugu, kogin da yara ke ƙetarewa da ƙafa a lokacin rani, ya zama iyaka tsakanin ɓangarori biyu da ba sa ga maciji. A watan Janairun 1942 wani jirgin Jamus guda ɗaya ya keto hamada daga Libiya ya jefa bama-bamai a ma'ajiyar man jirage ta Fort Lami.

Sakamakon wannan zamani ya daɗe. Kano da Maiduguri da Fort Lami sun fita daga yaƙin da manyan filaye da na'urorin sadarwa da ƙwararrun ma'aikata, gaɓar arewa ta kogin kuwa ta fita da fagagenta na ƙasa kamar yadda ta shiga. Wannan giɓi ya ɗauki shekaru masu yawa ba a cike shi ba.

A 1944 aka ƙulla yarjejeniyar Shikago wadda ta haifar da hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, wato ICAO, wadda kundinta na 14 ya ƙunshi ƙa'idojin shimfiɗa filayen jirgi. Ranar 12 ga Disamban 1959 aka kafa ASECNA domin kula da sararin samaniyar ƙasashen Afirka renon Faransa, a 1963 kuma aka buɗe makarantarta ta EAMAC a Yamai, inda ake horar da masu kula da zirga-zirgar jirage da masu auna yanayi. Da aka yi wa ƙasar Nijar sabon tsarin mulki a 1964 aka raba ta gida 7, sai aka zaɓi Difa ta zama mazaunin ɗaya daga cikinsu, alhali a lokacin Ngigmi da Maine-Sorowa sun fi ta girma da suna. Kwalta ba ta iso ba sai a shekarun 1970, lokacin da aka shimfiɗa Hanyar Haɗin Kai daga Gure zuwa Ngigmi da taimakon ƙasar Kanada. Gari irin wannan, mai wakilin gwamnati da asibiti da bariki, a ƙarshen hanya mai tsawon haka, dole ne ya sami filin jirgi nasa.

Iska ce ke zaɓen alƙibla

Mai kallo daga nesa zai zaci titin jirgi miƙaƙƙiyar kwalta ce kawai da aka shimfiɗa a inda aka ga dama. A haƙiƙa kusan babu wani abu a cikinsa da aka bar wa son rai. Abu na farko shi ne iska. Jirgi yana tashi yana kuma sauka ne yana fuskantar iska, domin ita ke ƙara wa fikafikansa ɗauka, ta rage masa gudun da zai yi a ƙasa. Wadda ke buge shi daga gefe ita ce abar tsoro. Ƙa'idar duniya ta ce a zaɓi alƙiblar titi ta yadda jirage za su iya amfani da shi aƙalla kashi 95 cikin 100 na lokaci ba tare da iskar gefe ta wuce ƙima ba, ƙimar kuwa ita ce kilomita 37 a awa ga manyan jirage, 24 ga matsakaita, 19 ga ƙanana. Kafin a yanke hukunci ana buƙatar bayanan iska na aƙalla shekara 5, ana aunawa sau 8 a kowace rana. A nan ne amfanin tsofaffin tashoshin auna yanayi na Ngigmi da Maine-Sorowa, waɗanda ke aiki tun zamanin mulkin mallaka, yake fitowa. Ma'aikacin da ya shekara yana tashi da tsakar dare yana rubuta lamba a littafi yana da hannu a cikin kowane titi da aka zana a yankin, ko da ba a ambaci sunansa ba.

Makiyayi bai buƙatar littafi kafin ya san iskokin ƙasarsa. Daga kaka zuwa ƙarshen rani iskar hunturu ke busowa daga gabas da arewa maso gabas, da damina ta kawo kai sai ta juya ta riƙa zuwa daga kudu maso yamma, hadari kuwa daga gabas yake tasowa da guguwa a gabansa. Abin da ya sa Bafulatani ke juya bayan bukkarsa ga gabas shi ne ya sa injiniya ke miƙe titinsa a wannan layi. Lambobin da ake rubutawa a bakin titi suna faɗin haka ga wanda ya iya karanta su: ana ɗaukar kusurwar kamfas ne a yar da sifilin ƙarshe. Titin Difa 09 da 27 ne, wato gabas sak da yamma sak, haka ma na Yamai. Babban titin Kano 06 da 24 ne, na Maiduguri da na Njamena 05 da 23, duk sun karkata arewa maso gabas.

Hunturu na zuwa da wata matsalar da alƙibla ba ta magance ta. Kwarin Bodele da ke arewacin Cadi na daga cikin wuraren da suka fi ko'ina tayar da ƙura a duniya, ƙasar Manga kuwa tana kan hanyar wannan ƙura. In hazo ya sauka, matuƙi na iya zuwa saman gari bai ga ƙasa ba. Saboda haka darajar filin jirgi a wannan yanki tana rataye ga fitilun titi da na'urorin da ke jagorantar jirgi ya sauko ba da ido ba, da kuma janareton da zai riƙe su in wuta ta ɗauke. Filin da bai da waɗannan na rana ne kawai, kuma na ranar da gari ya washe.

Zafi da tsawon titi

Abu na biyu shi ne tsawo, kuma a nan ne lissafi ke ba mutane mamaki. Iska mai zafi ba ta da kauri, injin jirgi ba ya samun ƙarfinsa a cikinta, fikafikai ma ba sa samun abin dafawa sosai, don haka jirgi na buƙatar gudu mai tsawo kafin ya ɗaga. Ƙa'idar ta ce a ƙara kashi 7 cikin 100 na tsawon titi a kan kowace mita 300 ta tudu bisa teku, sa'annan a ƙara kashi 1 cikin 100 a kan kowane maki guda na zafi da ya ɗara ma'aunin da aka yarda da shi a wannan tudu. Difa na kan tudun mita 300 ko kusa da haka, inda ma'aunin yake wajen maki 13, alhali zafin rana a watannin Afrilu da Mayu kan kai maki 41 har ya wuce. Bambancin ya kai maki 28. In aka haɗa ƙarin biyu sai a sami kusan kashi 37 cikin 100, wanda ya zarce kashi 35 da hukumar ta ce in an wuce shi sai an yi bincike na musamman. A taƙaice, jirgin da mita 1,500 ta ishe shi a bakin teku a ƙasa mai sanyi, a Difa da bazara sai ya nemi sama da mita 2,000. Titin mita 1,800 da filin Difa ya daɗe da shi kuwa, a irin wannan rana bai fi ƙarfin mita 1,300 na can ba.

Wannan lissafi shi ke bayyana abubuwan da matafiya kan ɗauka wulaƙanci ne: a ce jirgi zai tashi da sassafe ko ba zai tashi ba, ko a bar kujeru babu kowa alhali ga mutane na jira, ko a ajiye kaya sai wani zuwa. Matuƙin da ya rage nauyi da tsakar ranar bazara ya san abin da yake yi. Ranar 4 ga Mayun 2002 wani jirgin kamfanin EAS ya tashi daga Kano cikin zafin rana, ya cinye titi bai gama ɗagawa ba, injinansa suka shaƙi ƙura, ya faɗa a kan gidajen unguwar Gwammaja, mutane sama da 100 suka rasu, na cikin jirgi da na ƙasa. Allah ya jiƙan su.

Ƙasar da za a ɗora titin a kanta ita ce ta uku. Ƙasar Manga rairayi ce, babu marmara a ko'ina, dutse na ainihi kuwa sai an doshi yamma wajen tsaunukan Muniyo. Titin jirgi hawa hawa ake gina shi, a daddage ƙasa da abin nauyi, a zuba tsakuwa, a sake daddagewa, kafin a kai ga kwalta, kaurinsa kuma ya danganta da nauyin jirgin da ya fi kowane nauyi a cikin waɗanda za su riƙa sauka. Kowace tirela ta tsakuwa da aka ɗauko daga nesa kuɗi ce, shi ya sa mita guda ta titi a nan ta fi ta wurare da yawa tsada. Bayan an gama kuma aiki bai ƙare ba, domin rairayi na tafiya. Mutanen Gudumariya da Maine-Sorowa, waɗanda suka ga tuddan rairayi na binne kwarurrukan dabino da kanwa, sun san dabarar tare shi da shingen rassa da dashen itatuwa, kuma wannan dabara ce ake bukata a gefen titin jirgi, da sharaɗin itacen kada ya yi tsawo.

Ruwa kuma ba a raina shi don ƙasar busasshiya ce. Komadugu na cika ne a makare, bayan damina ta wuce, da ruwan da ya taho daga kogunan Haɗeja da Jama'are, kuma ya yi ambaliya mai tsanani a 2019 da 2022 ya cinye unguwanni da gonakin tattasai. Filin Difa na arewacin gari ne, a nesa da kwarin, zaɓin da waɗannan shekaru suka nuna dacewarsa. Nisantar kogi na da wata fa'idar, domin inda ruwa da shinkafa suke nan tsuntsaye ke taruwa, tsuntsu guda kuwa na iya kashe injin jirgi. Dalili ke nan da ya sa ake so a sa ido a kan juji da mayanka da duk abin da ke tara ungulu da shirwa a cikin da'irar kilomita 13 daga filin.

Shinge da burtali

Kwaltar da ido ke gani kaɗan ce daga cikin ƙasar da filin jirgi ke ci. A kowane gefe na titi ana barin sarari mai faɗin kusan mita 150 babu rami babu gini, a kowane ƙarshe kuma a bar aƙalla mita 90, an ma fi son 240, domin jirgin da ya zarce ya sami inda zai tsaya. Bayan wannan akwai dandalin ajiye jirage, da zauren matafiya, da hasumiyar masu kula da zirga-zirga wadda dole ta hango titin daga farko har ƙarshe, da ma'ajiyar mai a nesa da jama'a, da gidan ƴan kwana-kwana wanda ake ajiyewa a inda motarsu za ta isa kowane ƙarshen titi a cikin minti 3. Sama da wannan duka akwai wata iyaka da ba a gani, wadda ke tashi a hankali daga bakin titi zuwa sama, ba a yarda bene ko eriya ko itace ya huda ta ba. Ranar 24 ga Yunin 1956 wani jirgin BOAC ya tashi daga Kano ya shiga hadari, iska ta danne shi ƙasa ya bugi itace, mutum 32 daga cikin 45 suka rasu. A ƙasar da kowa ke son inuwa, hana itace tsawo abu ne da sai an yi wa mutane bayaninsa.

Sa'annan ga shinge, wanda shi ne ya fi shafar makiyaya. Babu mai musun wajibcinsa. A watan Yulin 2005 wani jirgin Air France ya sauka a Fatakwal ya afka wa garken shanu a kan titi, Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba. Sai dai shingen da ya kewaye titi mai tsawon kilomita 2 ko 3 katanga ce a tsakiyar daji, kuma tun da titin Difa ya miƙe daga gabas zuwa yamma, dabbobin yankin kuwa tafiyarsu tsakanin arewa da kudu take, daga makiyayar damina zuwa kwarin kogi da rani, to duk ƙarin da aka yi wa titin ƙari ne a kan zagayen da garke zai yi. Dokar ƙasa ba ta yi shiru a kan wannan ba. Kundin tsarin karkara na 1993 ya kafa kwamitocin kula da filaye waɗanda sarakunan gargajiya ke zama a cikinsu, dokar kiwo ta 20 ga Mayun 2010 ta amince cewa yawon kiwo haƙƙi ne na makiyayi, dokar karɓar fili domin amfanin jama'a ta 1961, wadda aka yi wa gyara a 2008, ta wajabta biyan diyya. Inda gizo ke saƙa shi ne, mai gona na iya nuna iyakar gonarsa a biya shi, mai burtali kuwa ba ya da takarda, shaidarsa ita ce sawun dabba da bakin sarkinsa. In ba a kira sarkin makiyaya tun ana zane a takarda ba, sai a kira shi bayan an yanke waya, lokacin da magana ta riga ta zama ƙara.

Daga 2015 zuwa sabon suna

An yi bikin 18 ga Disamba, ranar Jamhuriya, a Difa a 2009, a zamanin da Shugaba Tandja Mamadou ya mai da bikin na zagayawa jiha jiha. Amma abin da ya fito da muhimmancin filin a fili shi ne tashin hankalin da ya biyo baya. Ranar 6 ga Fabrairun 2015 mayaƙan Boko Haram suka kai hari Bosso da Difa, cikin ƴan kwanaki aka kafa dokar ta-ɓaci a jihar. Mutane sama da 200,000, ƴan gudun hijira daga Nijeriya da ƴan ƙasa da suka bar garuruwansu na bakin kogi da tsibiran tafki, suka tare a sansanin Sayam da gefen hanyar ƙasa mai lamba 1 da cikin Difa kanta. A waɗannan shekaru jiragen agaji na Majalisar Ɗinkin Duniya, waɗanda Hukumar Abinci ta Duniya ke gudanarwa, su suka riƙa kawo likitoci da ma'aikatan agaji daga Yamai a cikin ƴan sa'o'i, jiragen soja kuma na amfani da titin guda. Filin da aka zana domin jirgi ɗaya ko biyu a mako ya sami kansa yana ɗaukar nauyin da ba a yi shi dominsa ba, ga farar hula ga soja a dandali ɗaya, abin da masu zanen filaye ke ƙoƙarin rabawa a duk inda hali ya yi. A gefe guda kuma aikin man fetur na Agadem, wanda ya fara ciyar da matatar Damagaram a 2011, daga baya a 2024 aka fara fitar da shi ta bututu zuwa gaɓar tekun Benin, ya ƙara yawan masu shiga da fita jihar.

Da zagayen bikin Jamhuriya ya sake zuwa kan Difa a ƙarƙashin shirin Difa Ngila, wanda aka shirya yi a 2020 aka ɗage shi zuwa 18 ga Disamban 2021, gyara da faɗaɗa filin jirgin na cikin ayyukan da aka sa a gaba. Ana cikin haka Allah ya yi wa Tandja Mamadou rasuwa a Yamai ranar 24 ga Nuwamban 2020, aka kai shi mahaifarsa Maine-Sorowa aka yi masa sutura. Bayan rasuwarsa aka raɗa wa filin sunansa. Ɗan gundumar da Fulatari ke cikinta ne, ya mulki ƙasar daga 1999 zuwa 2010, Allah ya gafarta masa.

Garin Difa ya ninka girmansa a cikin waɗannan shekaru, kuma gari in yana girma wajen tudu yake nufa, musamman garin da kogi ya tokare ta kudu yana kuma yi masa ambaliya. Tudun kuwa shi ne inda filin yake. Kano ta ga yadda wannan ke ƙarewa, filin da aka yi a bayan gari yau unguwanni sun kewaye shi. Rabon filayen gini a arewacin Difa, da inda za a kai juji da mayanka, da layin da burtali zai bi ya zagaye waya ya kai ga mashaya, duk magana ɗaya ce, kuma masu zama a kanta su ne magajin gari da kwamitin filaye da hukumar jiragen sama da sarakunan manoma da na makiyaya.